Jar Masara a Gonar Babana

Farar masara Babana yake nomawa, irin da ya gada wajen mahaifiyarsa. Sunanta aka sa mini, shi ya sa har ya bar duniya bai taɓa kiran sunana ba, sai dai ya ce "Uwata". Kowace kaka yakan zauna a bakin rumbu ya zaɓi goyon da suka fi cika, ya ɗaure su da ɓawonsu, ya rataye a saman madafar Inna inda hayaƙi zai hana ƙwari taɓa su. Wannan shi ne irin baɗi. Ita kuwa Inna, mahaifiyata, da farin tuwonta take taƙama. In ta kwashe shi a akushi aka zuba miyar kuka a gefe, sai ka ji kamar kada ka sa hannu ka ɓata shi.

Ƙauyenmu yana kusa da Daudawa, cikin ƙasar Faskari. Gonar da ta yi iyaka da tamu ta wani dattijo ce Bamaguje, wanda gidansu ke hayin rafi, don haka mu yara muke ce masa Baban tsallake. Ya girmi Babana nesa ba kusa ba, amma ban san wani abokin da Baba yake sakin jiki da shi kamarsa ba. In suka haɗu a kan iyaka, kowa ya jingina da fartanyarsa, sai tsokana. Shi ya ce Baba yawan alwala ne ya sa gonarsa ba ta rabo da ciyawa, Baba ya ce ai shi tsufa ne ya sa kunyoyinsa suke karkacewa. Da salla Inna takan aike mu da tuwo da nama gidansu, su kuma da kaka sai ga gyaɗa da zabi.

Shekarar da na shiga babban aji a makarantar 'yan mata ta kwana a Kankara, ɗan Baban tsallake ya sayo wa ubansa irin jar masara daga kasuwar Sabuwa, wai ta fi saurin nuna. Tsohon ya shuka ta har bakin iyakarmu. Da aka zo karyar masara, Baba ya ɓare goyon farko daga layukan da ke wajen iyakar, sai ya tsaya yana kallo. Farar masararsa ce, amma ga jajayen ƙwayoyi nan warwatse a jikinta kamar an yayyafa. Ya ɓare na biyu, haka. Can tsakiyar gona da sauƙi, sai ɗaya nan ɗaya can.

Inna ce ta fi kowa jin haushi. Ta ce garinta ya yi dishi-dishi, tuwo ya fito kamar an dafa shi da ruwan kududdufi. Baba ya ɗauki goyo biyu ya tsallaka rafi, na bi shi don ina gida hutu.

"Maƙwabci," in ji Baba, "mi na yi maka ka bi dare ka shafa wa masarata jar ƙasa?"

Tsohon ya karɓa ya jujjuya, ya yi dariya har da tari. "Taka ce ta ga tawa ta hi ta kyau, ta hwara kwaikwayo."

Sun yi dariya, amma a hanyar dawowa, da muka hau gangaren rafi, sai Baba ya dube ni. Ya ce, "Uwata, da hannuna na ɓare irin nan, da hannuna na shuka. Ko ƙwaya ɗaya ja babu a ciki. To ta ina ta shigo?"

A makaranta akwai wata malama da ke koya mana bayoloji, 'yar Sabuwa, gajeruwa mai saurin tafiya, kullum gefen mayafinta da alli. Madubin hangen ƙananan abubuwa guda ɗaya ne a makarantar, ita take ajiye shi, tana lulluɓe shi da tsohon zane kamar jariri. Ranar da ta fara fito mana da shi, ta sa aka karɓo albasa daga madafa, ta zare wannan fatar siririya ta ciki, ta ɗiga mata wani ruwa mai launi, ta ce mu yi layi. Da na kai idona sai na ga ɗakuna jere-jere kamar ginin bulo, kowane da ɗan ɗigo a cikinsa. Ta ce waɗannan su ne ƙwayoyin halitta, da su aka gina albasa, da su aka gina akuya, da su aka gina mu, kuma a cikin ɗigon nan ake ajiye abin da ɗa ke gada wajen iyayensa. Wata rana kuma ruwan tafki ta kawo a kwalba. Bayan abin da muka ga yana iyo a cikin ɗigo ɗaya, mun yi kwanaki muna leƙa kofi kafin mu sha.

Da muka zo darasin gado, yadda kamanni ke bi daga iyaye zuwa 'ya'ya, sai na ɗaga hannu na ba ta labarin masararmu. 'Yan aji suka yi dariya, don su misalin dogon hanci da hasken fata suke jira. Malama ba ta yi dariya ba. Ta ce in na je hutu in zo mata da goyo ɗaya.

Na kawo. Ta riƙe shi a gaban aji ta ce, "Wa ya taɓa shiga gonar masara da hantsi ya fito kansa da wani gari mai ruwan ɗorawa?" Kusan dukanmu 'ya'yan manoma ne, muka ce bununi ke nan. Ta ce to shi ne namijin. Yana zubowa daga furen da ke saman kara, iska ta kwashe shi. Gemun masara kuwa, kowane zare ɗaya hanya ce zuwa ƙwaya ɗaya. Zaren da bununi ya sauka a kansa, ƙwayarsa za ta cika. Saboda haka kowace ƙwaya a jikin goyon nan tana da uwa tana da uba, uwarsu ɗaya, amma ubanni suna iya bambanta. Jajayen nan, ubansu daga gonar maƙwabci iska ta kawo shi.

Sannan ta miƙo mini goyon ta ce, "Ki tsince jajayen zalla, ki roƙi Baba ya shuka miki su nesa da kowace gona. In sun fara fure, ki hana bununin waje shiga, kowane kara ki ba shi nasa. Sai mu ga abin da za su haifa."

Na ce, "Malama, ai ja za su haifa."

Ta ce, "Haka kika ce. Ki bari masarar ta faɗi nata."

Da na kai wa Baba wannan bayani yana gyaran ƙotar gatari, sai ya ajiye ya dube ni. "Masara ma tana da uba?" Na ce haka Malama ta ce. Sai ya ce ai kuwa tun yana yaro ya san masarar da ta fito ita kaɗai a bayan gida ba ta cika goyo, sai giɓi-giɓi, bai taɓa tambayar dalili ba. Inna tana daga madafa ta ce, wato dai tuwonta ya lalace ne saboda iska, to ita wa za ta kai ƙara?

Baba ya ware mini wani ɗan fili a bayan gida, inda da ake shuka kuɓewa. Da damina ta sauka ina makaranta, shi ya shuka jajayen ƙwayoyin da na tsince. Lokacin da na dawo dogon hutu sun kai kafaɗarsa, fure yana shirin fitowa.

Wannan hutun shi nake yawan tunawa. Mun samo takardun buhun siminti wajen wani magini, muka yanka muka ɗinka su kamar ƙananan jakunkuna. Kowane goyo muka rufe shi tun kafin gemu ya leƙo. Da yamma mu ɗaure wata jakar a kan furen sama, da hantsi in raɓa ta bushe Baba ya lanƙwaso karan a hankali ya kaɗa, ni kuma in buɗe goyon in zuba bununin a kan gemu, in mayar da rufi da sauri. Ganyen masara yana yankar mini hannu, ƙaiƙayi ya hana ni sakat. Ruwan sama ya sha jiƙa mana takardun su yage, mu sake ɗinka wasu. Baba, mutumin da ba ya son a ɓata masa lokacin gona, sai ga shi yana makara saboda wannan ɗan fili, yana yi wa kowane kara magana kamar ya san shi.

Baban tsallake ya ji labari ya zo gani. Ya tsaya a bakin danga ya riƙe ƙugu. "Lalle an shiga sabon zamani. Maƙwabci, masarar ma ka musuluntar da ita ka sa mata hula?" Amma bai tafi ba. Kashegari ya dawo, ya ce hannun Baba yana rawa, a ba shi ya kaɗa. Daga nan kusan kullum sai ya zo, ya zauna a kan turmin da aka kife, Inna ta kawo musu kunu.

Hutu ya ƙare kafin masarar ta bushe. Na koma makaranta na gaya wa Malama duk yadda muka yi. Ta ce za ta je gida Sabuwa a ƙarshen wani mako, za ta nemar mini izini mu biya ta ƙauyenmu. Haka aka yi. Muka shiga motar haya da ta cika har da buhuna a sama, tana tangal-tangal cikin ramukan da damina ta bari, daga bakin titi kuma muka hau babur. Malama ta sauka gefen zanenta duk laka, tana dariya.

Baba ya shimfiɗa mata tabarma a inuwar ɗorawa, ya aika aka kira Baban tsallake. Bai yarda an taɓa goyo ko ɗaya ba kafin mu zo. Ya karyo su ya tara a gabanta, ya ce ita za ta fara ɓarewa. Ta ce a'a, mai gona shi ke da haƙƙi.

Ya ɓare. Ja ne ya fi yawa, wasu ƙwayoyin sun yi jawur, wasu da ɗan haske. Amma a tsakaninsu ga farare nan tas, irin farin masarar kakata. Baba ya ce, "Ikon Allah!" Ya ɓare wani, ya ɓare wani. Duk haka.

"Malama, ja zalla na shuka. Uwata ce ta tsince su, na kuma sake dubawa da kaina. Ba mu bar bununin kowa ya shiga ba. Farin nan daga ina?"

Ta sa muka murje ƙwayoyin a faifai, muka ware ja gefe, fari gefe. Tulin ja ya yi kusan uku na farin. Sannan ta ɗauki jar ƙwaya ɗaya ta ce, "Baba, waɗanda kuka shuka, ubansu ja ne amma uwarsu fara ce. Kowacensu ta karɓi gado biyu, na ja da na fari. Ja ya fi ƙarfi, shi ya fito a fuska, farin bai ɓata ba, yana ciki a ɓoye. Da suka zo haihuwa, duk ƙwayar da ta karɓi fari ta wajen uwa, ta kuma karɓi fari ta wajen uba, sai ta fito fara. In ta ɓangare ɗaya kawai ta samu, ba za a gan shi ba."

Baba yana ta jinjina kai yana murmushi. Sai na dubi Baban tsallake. Yana zaune ya zuba wa faifan ido. Can ya ce, murya ƙasa-ƙasa, "Malama, mutum ma haka ne?"

Ta ce, "A wasu abubuwan, haka ne, Baba."

Duk mun san abin da ke ransa, ban da ita. Ɗansa, wanda ya sayo jar masarar, ya auri wata 'yar Tafoki, mace mai fara'a da nake ce wa Yaya. Yaransu biyu sun rasu tun suna ƙanana, da ciwo iri ɗaya: hannu da ƙafa su kumbura, ido ya yi ruwan ɗorawa, in sanyi ya shigo su yi ta kukan ƙashi. 'Yarsu ta tsakiya lafiyarta ƙalau. Yanzu kuma jaririn da take goyo ya fara kumburin yatsu. Matan gidan suka ce nononta ne ba kyau, wasu suka ce daga danginta abin ya biyo, tun da su a gidansu ba a taɓa ganin irinsa ba. Da maganganu suka yi mata yawa, ta ɗauki jaririn ta koma gidan iyayenta. Tsohon ya faɗa wa Malama duk wannan bai ɓoye komai ba, har ya ce shi ma da bakinsa ya taɓa cewa daga wajenta ne.

Malama ta gyara zama. Ta ce ita ba likita ba ce, ba ta kuma ga yaran ba, amma abin da ya kwatanta ya yi kama da amosanin jini, wanda ake ce wa sikila. Ta ce a cikin jini akwai ƙwayoyin halitta zagayayyu masu laushi da ke ratsa ƙananan jijiyoyi, amma na mai wannan ciwon sukan lanƙwashe kamar lauje su toshe hanya, shi ne ciwon da yaro ke ji. "In kuwa shi ne, Baba, ba ya zuwa daga mutum ɗaya. Sai uwa tana ɗauke da shi, uba ma yana ɗauke da shi, alhali su biyun lafiyarsu lau. Kamar farin nan ne a cikin ja."

"Kina nuhin ɗana ma?"

"In gwaji ya tabbatar, shi ma. Shi kuma wajenku ko wajen mahaifiyarsa ya samo."

Na ji tsoro kada ransa ya ɓaci. Baba ma ya sunkuyar da kai yana wasa da totuwa. Amma tsohon tambaya ya sake yi. Ya ce to mene ne amfanin abin da zai ɓuya cikin lafiyayyen mutum ya jira 'ya'yansa? Malama ta ce masana sun lura wanda ke ɗauke da gado ɗaya kacal ya fi jure zazzaɓin cizon sauro, ba ya saurin kashe shi yana yaro. A ƙasa mai sauro irin tamu, tun kakannin kakanni, masu ɗauke da shi sun fi tsira su girma su hayayyafa, shi ya sa ya yaɗu a cikinmu. Daga nan tsohon ya tambaye ta inda ake gwajin, ta ce babban asibiti a Funtuwa. Ya miƙe ya yi mata godiya, ya tsallaka rafi ko kunun bai sha ba.

Sauran labarin daga bakin Baba na ji, da na dawo hutu na gaba. Tsohon da kansa ya je Tafoki, Baba ya raka shi. Ya zauna gaban iyayen Yaya, ya ce a ba shi ita da jaririn su je asibiti tare da mijinta. Aka gwada, aka ce su biyun suna ɗauke da shi, jaririn kuma yana da ciwon. Da suka dawo ya tara gidansa kaf, maza da mata, ya ce abin da ya kashe jikokinsa rabi daga gidan nan ya fito, duk wanda ya sake ɗora wa yarinyar nan laifi, da shi yake. Baba ya ce bai taɓa ganin abokinsa ya yi magana babu wasa a ciki ba sai ran nan.

Yaya ta dawo ɗakinta. An koya mata yadda za ta kula da yaron: gidan sauro, yawan shan ruwa, rufe shi in ana sanyi, da maganin da za ta riƙa karɓowa. Ya sha jinya, sau da yawa an cire rai, amma ya tashi.

Baba kuwa bai bar ɗan filin nan ba. Shekaru da dama yana gwaje-gwajensa shi kaɗai, har da wake. Farar masarar gona kuma ya mayar da ita can nesa da iyaka, aka sa gyaɗa a tsakani, Inna ta samu farin tuwonta ta huta da mita. Baban tsallake ya rasu ina shekarar farko a kwalejin horon malamai. Baba ya je jana'izar, ya tsaya gefe har aka gama al'adunsu, ya dawo ya kwana biyu bai je gona ba. Malama an yi mata canjin wurin aiki bayan mun gama, ban sake ganinta ba, ko da yake na sha tambaya in na haɗu da mutanen Sabuwa.

Da zaman ƙauye ya gagara saboda rashin tsaro, muka kwaso su Baba zuwa cikin gari, mutanen hayin rafi ma kowa ya kama gabansa. A gari Baba ya rasu. Na daɗe ban san inda su Yaya suka nufa ba.

Bara, ranar kasuwar Kankara, ina tsaye wajen masu daddawa ina taya, sai mai daddawar ta ɗago ta ƙura mini ido. Ta tsufa, haƙoranta na gaba sun zube, amma dariyar tana nan. Ta kira ni da sunan da Baba yake kirana, "Uwata!" Rabon da in ji wani ya kira ni haka tun rasuwarsa. Na durƙusa a gaban tirenta muka riƙe hannun juna, masu wucewa suna ture mu.

Na ce, "Yaya, ina yaron?"

Ta nuna mini wata rumfa can gefen tasha. Wani saurayi siriri ne zaune a kan benci, ya sunkuya yana gyaran waya, da kwalbar ruwa a kusa da ƙafarsa. Ta ce har ya fara neman aure, amma ya gaya wa yarinyar sai sun je asibiti an gwada su tukuna, in bai dace ba kowa ya haƙura. Ta ƙwala masa kira ya zo ya gaishe ni, ya durƙusa har ƙasa, bai san ko ni wace ce ba. Ta ce masa, "Innarka ce, ɗiyar maƙwabcinmu na gida."

Ta cika mini leda da daddawa, na yi na yi in biya, ta ƙi saurarona. Mun daɗe muna lissafa mutanen ƙauye, wane yana Faskari, wance tana Funtuwa, wane ya rasu. Sai da yaron mota ya fara buga ƙofa yana kiran saura mutum ɗaya, sannan na tashi. Ta rako ni har bakin motar, ta ce in na sake zuwa kasuwa kada in ci abinci a ko'ina, gidansu yana bayan makarantar firamare, kowa ya san shi.